Amfani da Dabbobi a Binciken Halayyar Ɗan'adam: Tsakanin Neman Ilimi da Kiyaye Haƙƙi

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga kwalejin ilimi, ko wane fanni yake karantawa, sai ya haɗu da darasin nazarin halayyar ɗan'adam, kuma da wuya ya yi nisa a cikinsa bai ji sunayen Pavlov da Thorndike da Skinner ba. Akan koya masa cewa daga karnuka aka gano yadda sabo yake kama jiki, daga kyanwoyi aka gano cewa aikin da ya haifar da daɗi shi ake maimaitawa, daga ɓeraye da tattabaru kuma aka tsara yadda lada yake ƙarfafa hali. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne irin halin da dabbobin suka shiga kafin a samu waɗannan ƙa'idoji. An yi wa wasu tiyata, an bar wasu da yunwa, an raba wasu da iyayensu mata tun ranar haihuwa, wasu kuwa an jona musu wutar lantarki.

Wannan babi zai yi bayanin dalilan da suka sa masana suke amfani da dabbobi a irin wannan bincike, da wasu fitattun gwaje-gwajen da suka jawo muhawara, da ra'ayoyin masu goyon baya da na masu suka. Daga nan za a duba dokoki da ƙa'idojin da aka shimfiɗa, sannan a nuna inda maganar ta shafi malamin makaranta.

2.0 Ma'anar Ɗa'ar Bincike

Ɗa'ar bincike tana nufin ƙa'idojin da suke bambance abin da ya dace mai bincike ya aikata da abin da bai dace ba, a yayin da yake neman sanin wani abu. Idan da mutane ake binciken, ginshiƙin waɗannan ƙa'idoji shi ne yarda. Wato sai an yi wa mutum bayanin abin da za a yi, ya fahimta, ya amince, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya ga dama. Dabba kuwa ba a iya yi mata bayani, ba ta iya cewa ta yarda, ba ta iya kai ƙara. Hausawa kan kira ta marar baki saboda wannan dalili. Ke nan nauyin kare ta ya rataya ne kacokan a wuyan mutumin da yake son ya amfana da ita, wanda kuma shi ne mai buƙatar a yi gwajin. A nan ne tushen matsalar yake.

3.0 Dalilan Amfani da Dabbobi

Masana sun kawo dalilai da dama. Na farko, akwai kamanni tsakanin ƙwaƙwalwar ɗan'adam da ta sauran dabbobi masu shayarwa, ta fuskar ƙira da sinadaran da jijiyoyi suke aika saƙo da su. Na biyu, a ɗakin gwaje-gwaje mai bincike yana iya sarrafa abincin dabba da haskenta da abokan zamanta da ma asalin iyayenta, ta yadda idan ya ga canji zai san abin da ya haifar da shi. Na uku, dabbobi irin su ɓera suna saurin girma da haihuwa. Ɓeran gwaji yakan rayu shekara 2 zuwa 3, saboda haka ana iya bin rayuwarsa tun daga haihuwa har tsufa, a kuma bi ta 'ya'yansa da jikokinsa. Na huɗu, akwai gwaje-gwajen da doka da hankali ba za su yarda a yi wa mutum ba, kamar cire wani sashe na ƙwaƙwalwa ko raba jariri da uwarsa da gangan.

Abin lura a nan shi ne, dalili na farko da na huɗu suna karo da juna. Idan dabba ta yi kama da mutum har abin da aka gano a jikinta zai yi wa mutum amfani, to mai yiwuwa tana jin zafi da tsoro kamar yadda yake ji. Idan kuwa aka ce ba ta kama da shi, to sai a tambayi amfanin gwajin tun farko. Kusan duk muhawarar da za ta biyo baya a kan wannan gaɓa take jujjuyawa.

Ya kamata a san cewa yawancin binciken halayya da mutane ake yin sa. Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ne na binciken fannin ake yi da dabbobi, kuma kimanin kashi 90 na dabbobin ɓeraye ne da tsuntsaye.

4.0 Wasu Fitattun Gwaje-gwaje

4.1 Karnukan Pavlov da Kyanwoyin Thorndike da Ɓerayen Skinner

Ivan Pavlov masanin aikin gaɓoɓin jiki ne ɗan ƙasar Rasha, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci. Domin ya auna yawu, yakan yi wa kare tiyata ya karkato magudanar yawun zuwa wajen kumatu, a tara shi cikin ɗan bututu. Wasu karnukan an huda musu maƙoshi ta yadda abincin da suka haɗiya yake faɗowa waje bai kai ciki ba. A cikin wannan aiki ne aka lura cewa kare yana fara zubar da yawu da jin takun mai kawo abinci, daga nan aka gina ƙa'idar sabo. A 1935 an kafa gunkin kare a harabar cibiyar da ya yi aiki, bisa shawararsa, don tunawa da abin da dabbobin suka sha.

Edward Thorndike a Amurka ya wallafa nasa sakamakon a 1898. Yakan sa kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje, ya ƙirga lokacin da za ta ɗauka kafin ta taka ko ta ja abin da zai buɗe ƙofa. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan hanya a littafinsa na 1938, da akwatin da ɓera yake danna ɗan ƙarfe abinci ya faɗo. A irin wannan gwaji an saba rage wa dabba abinci har nauyinta ya koma kimanin kashi 80 cikin 100 na yadda take idan tana ci ta ƙoshi, domin ta himmatu. Wahalar da ke cikin waɗannan gwaje-gwaje biyu ba ta kai ta tiyata ba, amma dai yunwa da tsarewa ne jarinsu.

4.2 Biran Harlow

Babu gwajin da ake yawan ambata a wannan muhawara kamar na Harry Harlow na Jami'ar Wiskonsin. A tsakiyar ƙarni na 20 masana da yawa suna ganin jariri yana son uwarsa ne saboda ita ke ba shi nono kawai, har wasu suna gargaɗin iyaye da kada su yawaita rungumar yara. Harlow ya raba jariran birai da iyayensu jim kaɗan bayan haihuwa, ya ba kowanne uwa biyu na roƙo: ɗaya ta waya tsirara, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tawul mai laushi. Ko da kwalbar madara tana jikin ta waya, jaririn yakan je ya sha ya dawo ya manne wa mai tawul, nan yake wuni, nan kuma yake gudu ya ɓuya idan an tsorata shi. Ya gabatar da wannan sakamako a 1958, kuma ya taimaka ƙwarai wajen sauya tunanin masu kula da gidajen marayu da sassan yara na asibitoci.

Sai dai aikin bai tsaya nan ba. A shekarun 1960 Harlow da abokan aikinsa sun tsare jariran birai su kaɗai na wata 3 ko 6 ko 12, ba sa ganin biri ba sa ganin mutum. Da aka fito da su sai ga su suna rungume kansu, suna jijjiga, wasu suna cizon jikinsu, ba sa iya wasa da 'yan'uwansu. Matan cikinsu da suka haihu daga baya, da yawa sun yi watsi da 'ya'yansu, wasu sun raunata su, wasu ma sun kashe su. A farkon shekarun 1970 kuma aka ƙera wani rami na ƙarfe mai santsin gefe, a ajiye biri a ciki na makonni domin a jefa shi cikin ciwon damuwa da gangan.

Masu suka sun nuna cewa tun a 1945 René Spitz ya bayyana irin lalacewar da ke samun jariran da suka tashi a gidajen reno ba tare da kulawar uwa ba, John Bowlby kuma ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan haka a 1951. Masu kare Harlow suna amsawa da cewa ba a ɗauki waɗancan bayanai da muhimmanci ba sai da gwaji ya tabbatar da su. Ko da an karɓi wannan amsa game da gwajin uwar waya, da wuya ta wanke gwaje-gwajen kaɗaici da suka biyo baya, domin a lokacin an riga an san cewa rabuwa tana cutarwa. Ɗaya daga cikin ɗaliban Harlow, John Gluck, daga baya ya bar wannan irin bincike ya koma nazarin ɗa'a, ya kuma yi rubutu yana nadamar abin da aka yi wa biran.

4.3 Karnukan Seligman da Maier

A 1967, a Jami'ar Fensilbaniya, Martin Seligman da Steven Maier sun kasa karnuka gida 3. An ɗaure rukuni na farko ana jona musu lantarki, amma suna iya tsayar da shi idan suka danna wani faifai da kansu. Rukuni na biyu sun sha lantarki daidai da na farko, sai dai duk abin da suka yi ba ya tsayar da shi. Rukuni na uku ba a jona musu komai ba. Washegari aka sa kowane kare cikin akwati mai ɗan shinge a tsakiya, wanda tsallake shi kawai ya isa ya kuɓutar da shi. Rukuni na farko da na uku sun koyi tsallakewa nan da nan. Mafi yawan na biyu kuwa sai suka kwanta suna kuka, wuta tana jan su, ba su ko gwada ba. An kira wannan hali koyon sallamawa, wato dabba ta koyi cewa ƙoƙarinta ba ya canza komai.

Wannan fahimta ta shiga nazarin ciwon damuwa, ta kuma shiga aji. Carol Dweck ta yi amfani da ita a shekarun 1970 wajen bayyana yaron da ya sha faɗuwa har ya daina gwadawa ko da aikin bai fi ƙarfinsa ba. To amma a 1974 Donald Hiroto ya samu kwatankwacin wannan sakamako da ɗaliban jami'a, ta hanyar amfani da ƙara mai damun kunne, abin da ya sa ake tambaya ko tun farko akwai hanya mai sauƙi. Haka kuma a 2016 Maier da Seligman da kansu sun sake fassara sakamakon bisa binciken ƙwaƙwalwa. Sun ce sallamawa ita ce halin da dabba take faɗawa ciki da kanta idan wahala ta daɗe, abin da ake koyo shi ne cewa ana iya kuɓuta.

4.4 Biran Brady

A 1958 Joseph Brady ya zaunar da birai biyu-biyu, ana jona musu lantarki duk bayan daƙiƙa 20, na tsawon awa 6, a huta awa 6, a sake. Ɗaya daga cikin biyun yana da maɓallin da zai hana wutar zuwa musu duka, ɗayan kuwa nasa maɓallin ba ya aiki. Masu riƙe da maɓalli na gaskiya suka kamu da gyambon ciki, na farkonsu ya mutu bayan kwana 23. Aka yi ta yaɗa cewa ɗaukar nauyin yanke shawara yana kawo gyambon ciki. Daga baya aka lura cewa ba ƙuri'a aka jefa wajen rabon aikin ba, biran da suka fi saurin danna maɓalli su aka zaɓa, kuma mai yiwuwa dama su ne masu saurin firgita. Da Jay Weiss ya sake gwajin da ɓeraye bisa tsari mai kyau, sai ya samu akasin haka: dabbar da ba ta da iko a kan wutar ita ta fi kamuwa. Darasin da ke nan shi ne, gwajin da aka tsara shi ba daidai ba zalunci ne tun daga tushe, domin dabba ta sha wahala kuma ba a samu ilimi ingantacce ba.

5.0 Ra'ayoyin Masana

A ƙarni na 17 masanin falsafa na Faransa René Descartes ya ɗauki dabba tamkar inji, wadda motsinta da kukanta ba sa nuna tunani. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya ce abin dubawa game da dabba shi ne ko tana shan wahala, maganar iya tunani ko iya magana ba ita ce ma'auni ba. Binciken zamani ya fi karkata ga Bentham. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka sa hannu kan wata sanarwa a Kembirij, inda suka ce dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke haifar da ji da sani. Tun a 1964 ma Jules Masserman da abokan aikinsa sun ga birai suna ƙin jan sarƙar da ke ba su abinci idan jan ta zai sa a jona wa ɗan'uwansu lantarki, har ɗaya ya yi kwana 12 bai ja ba. A yau ana iya kasa ra'ayoyin gida 3.

5.1 Masu Goyon Baya

Waɗannan suna kafa hujja da amfanin da aka samu. Neal Miller ya jera irin wannan amfani a wata maƙala ta 1985, ciki har da hanyoyin magance tsoro mai tsanani da fitsarin kwance, da gwajin magungunan taɓin hankali. Akan kuma kawo aikin David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka ɗinke ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa, suka gano cewa idon da bai ga haske ba a farkon rayuwa ba ya gani sosai ko an buɗe shi daga baya. Sun samu kyautar Nobel a 1981, kuma aikinsu yana cikin dalilan da suka sa likitoci suke gaggauta cire yanar ido ga jarirai. Carl Cohen ya ƙara da cewa haƙƙi na masu iya ɗaukar alkawari da sauke nauyi ne, saboda haka dabba ba ta da haƙƙi irin na mutum, ko da yake wajibi ne a tausaya mata.

5.2 Masu Auna Amfani da Cuta

Peter Singer, a littafinsa na 1975 kan 'yantar da dabbobi, ya ce zafi zafi ne ko a jikin wa yake, kuma fifita wani saboda jinsinsa kawai son kai ne. Bai ce kowane gwaji haramun ne ba, amma ya ce sai amfanin ya rinjayi cutar a fili, kuma a ganinsa mafi yawan gwaje-gwajen halayya ba su cika wannan sharaɗi ba. Matsalar wannan ra'ayi ita ce, cutar tana bayyana tun kafin a fara, amfanin kuwa sau da yawa sai bayan shekaru ake sanin ko akwai shi.

5.3 Masu Cewa Dabba Tana da Haƙƙi

Tom Regan, a 1983, ya ce dabba mai ji da tunawa da buri tana da rayuwarta wadda take da daraja a wurinta, don haka bai halatta a mayar da ita kayan aiki ba ko da za a amfana. Bisa wannan ra'ayi gyara keji ko rage zafi bai wadatar ba, sai dai a daina gaba ɗaya. Masu suka suna tambayar abin da za a ce wa marasa lafiyar da maganinsu bai samu ba tukuna.

6.0 Shari'ar Biran Silba Sifirin da Dokokin da Suka Biyo Baya

A 1981 wani ɗan ƙungiyar PETA mai kare dabbobi, Alex Pacheco, ya shiga aikin sa-kai a wata cibiyar bincike da ke Silba Sifirin a jihar Merilan ta Amurka. Mai binciken, Edward Taub, yana yanke jijiyoyin ji na hannun biri, sannan ya ɗaure hannun mai lafiya domin ya tilasta masa amfani da wanda ba ya ji. Pacheco ya ɗauki hotunan biran da raunuka a cikin kejuna masu ƙazanta, 'yan sanda suka kwashe birai 17. Kotu ta samu Taub da laifin rashin ba su kulawar likitan dabbobi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke hukuncin a 1983. Abin da ya sa wannan shari'a take da wuyar yanke wa hukunci a zuci shi ne, daga wannan bincike ne Taub ya samar da wata hanyar gashi ga masu shanyewar ɓarin jiki, inda ake ɗaure hannu mai lafiya a horar da wanda ya shanye, kuma ana amfani da ita a asibitoci. Amfanin gaskiya ne, wahalar biran ma gaskiya ce. Sai dai ƙazantar keji da rashin magani ba su ƙara wa binciken komai ba.

Ingila ce ta fara yin doka kan gwaji da dabbobi a 1876, ta maye gurbinta da wata a 1986. Sabuwar dokar ta wajabta lasisi 3: na mai binciken, da na aikin, da na wurin, kuma ba a ba da lasisin aiki sai an auna cutar da amfanin. Amurka ta yi dokar jin daɗin dabbobi a 1966, ta yi mata gyara a 1985, inda aka wajabta wa kowace cibiya kafa kwamitin da zai duba gwaji kafin a fara, da likitan dabbobi da mutum ɗaya daga wajen cibiyar a cikinsa, aka kuma wajabta kula da lafiyar hankalin birai. Amma wani gyara na 2002 ya cire ɓeraye da tsuntsayen da aka kiwata don bincike daga ƙarƙashin wannan doka, alhali su ne mafi yawa, ko da yake wasu ƙa'idoji suna kare su idan da kuɗin gwamnatin tarayya ake aikin. Tarayyar Turai ta fitar da nata umarni a 2010, wanda ya kusa haramta gwaji da manyan birai gaba ɗaya. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina ɗaukar nauyin gwajin likitanci da birin cimfanzi. A Nijeriya dokokin laifuka sun hana zaluntar dabba, kuma jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da kwamitin da ake neman izininsa kafin a yi bincike da dabbobi.

7.0 Ƙa'idojin da Ake Bi a Yau

A 1959 wasu masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji 3 waɗanda a yanzu suke cikin dokokin ƙasashe da yawa:

i. Musanyawa: idan ana iya samun amsa ba tare da dabba mai rai ba, to a bi wannan hanya. Misali, a yi amfani da kwamfuta, ko ƙwayoyin halitta da aka raya a kwalba, ko na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yarda.

ii. Ragewa: a yi lissafi tun farko a san adadin dabbobin da za su isa a samu sakamako abin dogaro, kada a wuce shi. Kada kuma a gaza shi, domin gwajin da dabbobinsa suka yi kaɗan ba ya tabbatar da komai, sai an sake.

iii. Kyautatawa: a sauƙaƙa wa dabbar da ba makawa sai an yi amfani da ita. A ba ta maganin kashe zafi, a ajiye ta da 'yan'uwanta idan mai zaman garke ce, a fifita lada a kan horo, a kuma sa iyakar da za a tsayar da gwaji idan wahala ta kai wani matsayi.

A 1986 Patrick Bateson na Jami'ar Kembirij ya ƙara da wani ma'auni mai fuska 3: ingancin binciken, da yiwuwar amfaninsa, da yawan wahalar dabba. Idan aka ɗora gwajin Brady a wannan ma'auni zai faɗi ta fuskar inganci, na kaɗaicin Harlow kuma zai faɗi ta fuskar wahala. Akwai kuma hanyar nazarin dabba a muhallinta ba tare da tsare ta ba, kamar yadda Jane Goodall ta fara da biran cimfanzi a Tanzaniya a 1960, ko da yake wannan hanya ba ta iya tabbatar da musabbabi kamar yadda gwaji yake yi.

8.0 Inda Maganar ta Shafi Malami

Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da yake yaba wa yaro don ya ƙarfafa masa hali, ko yake lura da yaron da ya sallama, yana cin moriyar abin da aka samo daga dabbobi, saboda haka ya kamata ya san tarihin abin ya kuma faɗe shi yadda yake idan yana koyarwa.

Na biyu, ya kamata ya yi hattara wajen ɗauko sakamakon keji ya ɗora wa aji. Masu wasa da biri a kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa lada da horo suna sa dabba ta yi abin da ake so. Yaro kuwa yana da harshe da tunani da al'ada, yana tambayar dalili, yana kuma jin kunya da alfahari. Ƙa'idar da ta yi aiki a kan tattabara tana iya haska wani ɓangare na koyo, amma ba ta bayyana shi duka ba.

Na uku, malami yakan haɗu da dabbobi a makaranta. A darasin kimiyya akan feɗe kwaɗo ko ɓera, akan kama ƙadangare ko fara a sa a kwalba. Ƙa'idojin nan 3 suna aiki a nan ma: a yi amfani da zane ko hoto inda zai wadatar, a yi nuni da dabba ɗaya ga aji maimakon kowane ɗalibi ya kama tasa, kada a feɗe dabba tana da rai, a kuma saki wadda aka kamo don kallo. Yara suna lura da yadda malami yake riƙe abin da ba ya iya kare kansa, kuma suna koyo daga wannan kamar yadda suke koyo daga allo.

9.0 Kammalawa

An ga yadda bincike da dabbobi ya samar da ilimin da malamai da likitoci suke aiki da shi, an kuma ga irin wahalar da aka jefa dabbobi a ciki, wani lokaci ba tare da wata riba ba. Masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wasu suna ganin a ci gaba, wasu a auna kowane gwaji, wasu kuma a daina. Abin da akasari aka yarda da shi a yau shi ne, dabba tana jin zafi, kuma mai son yin gwaji da ita shi ne zai kawo hujja a gaban wasu kafin ya fara. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, don haka samun izinin kwamiti ba ya sauke wa mai bincike nauyin abin da hannunsa ya aikata.

10.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo dalilai 4 da suke sa masana amfani da dabbobi a binciken halayya, sannan ka nuna inda biyu daga cikinsu suke karo da juna.
2. Bayyana gwajin uwar waya da uwar tawul. Me ya bambanta shi da gwaje-gwajen kaɗaici ta fuskar ɗa'a?
3. Wane kuskure aka samu a tsarin gwajin Brady, kuma me ya sa ake ɗaukar kuskuren tsari a matsayin matsalar ɗa'a?
4. Kwatanta ra'ayin Singer da na Regan.
5. Yaya malamin firamare zai yi aiki da ƙa'idojin Russell da Burch a darasin kimiyya?